Wane Ne Ya Sari Garinku?

Kwanan baya, muna cikin zagayen duba makarantu, muka sauka wani ƙaramin gari, muka shiga ajin manyan yara. Da muka gama duba littattafansu na lissafi da na rubutu, sai muka ce bari mu ɗan taɓa su da tambayar tarihi. Muka ce, wa ya san labarin Bayajida? Nan da nan hannuwa suka tashi, ko wane yaro yana ɗokin a kira shi. Suka kawo rijiyar Kusugu, suka kawo Daurama, suka jero Hausa Bakwai ba gargada. Muka yaba musu. Sa'an nan muka ce, to, wane ne ya sari garin nan da mu ke ciki, daga ina kuma ya fito? Aji ya yi tsit. Muka sassauta, muka ce ko wane yaro ya faɗi sunan kakan ubansa. 'Yan kaɗan ne suka iya. Muka waiwayi malaminsu, wanda shi ma haifaffen garin ne, sai ya sunkuyar da kai yana murmushin kunya.

Ba mu ga laifin yaran ba, malam ma ba mu ga nasa sosai ba, don abin da aka koya masa shi ya ke koyarwa. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, da muka fito, a gindin ɗurumin da ke ƙofar makarantar muka tarad da wani dattijo yana tufkar igiya. Bayan gaisuwa muka yi masa tambayar da muka yi wa yara. Ya ajiye igiyar, ya gyara zama, ya shiga jero mana gidajen garin ɗaya bayan ɗaya: wanda ya fara sarar daji, da wanda ya gina rijiyar fari, da gidan da limanci ya fito, da dalilin da ya sa maƙera suka zauna yamma da kasuwa. Tsakanin bakin dattijon nan da allon aji bai kai taku hamsin ba, amma abin da ke kansa bai taɓa shiga ajin ba. Ran da ya kwanta dama, da shi za a rufe. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu yi magana da malaman makaranta da akawunan hukuma, tun da su ne masu alƙalami a ƙauye.

Tarihin Sarakuna Da Na Talakawa

Ba a ce ƙasar Hausa ba ta da tarihi a rubuce ba. Akwai Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda. Akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka fara bugawa a 1932. Akwai Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, na 1958. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi kuma sun rubuta labarin tsohuwar Abuja, wadda Abu Ja ya kafa a 1828, watau garin da a ke kira Suleja yanzu. Allah ya saka wa waɗannan magabata da alheri. Amma duk wanda ya karanta galibin irin waɗannan littattafai zai ga maganarsu a kan birane ta ke, da sarakuna, da yaƙe-yaƙe. Wane ya ci sarauta, ya yi shekara kaza, ya yaƙi wane. Manomin da ya ciyad da rundunar, da maƙerin da ya ƙera mata mashi, da matar da ta daka mata guzuri, ba safai a ke jin sunansu ba.

Alhali kuwa yawancin mutanen ƙasar nan zuriyar waɗannan ne, kuma a ƙananan garuruwa kakanninsu suka zauna. Sunayen garuruwan ma kansu labari su ke bayarwa ga mai kunnen ji. In ka ji Tungar wane, ka san mutum guda ne ya fita da iyalinsa ya yi bukka don noma ko farauta ko su. In ka ji Zango, masaukin fatake ne ya zama gari. In ka ji Ruga, Fulani ne suka yi mashekari har suka zauna. In ka ji Rinji, gonar mai bayi ce da mazauninsu. In ka ji Sabon Gari, to, nemi tsohon, wataƙila kufai ne yanzu. Waɗansu garuruwa kuwa hanyar jirgin ƙasa ce ta raya su, tun daga lokacin da dogo ya isa Kano a 1911, ya kuma kai Ƙauran Namoda a 1929. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mutumin da ya fara ɗora gatari, yana da waɗanda suka biyo bayansa.

Abin Da Tsohuwa Ɗaya Ta Bari

Domin a ga irin dukiyar da mu ke bari tana salwanta, bari mu kawo misali guda. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiya mai suna Mary Smith, matar M. G. Smith mai binciken al'adun jama'a, ta zauna da wata tsohuwa da a ke kira Baba, tana rubuta abin da ta ke faɗa mata da Hausa. Tsohuwar nan ba 'yar sarki ba ce, ba ta kuwa taɓa shiga aji ba. An haife ta wajen 1877, ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba, don sai 1954 aka buga shi da Turanci a Ingila da sunan Baba of Karo. Hausar da ta fito daga bakinta kuwa sai da ta yi shekara fiye da talatin bayan wannan kafin a buga ta a Kano.

Me tsohuwar nan ta bari? Ta faɗi asalin gidansu, cewa Barebari ne, daga Barno kakanninta suka zo suka zauna ƙasar Kano. Ta faɗi yadda kakanta Ibrahim Dara ya kafa Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa, da yadda 'ya'yansa suka yaɗu, ko wane da gidansa da gonarsa. Ubanta Tsoho manomi ne, malami ne kuma. Ta bayyana yadda a ke noman gandu, bayi su yi aikin ubangijinsu har azahar, sa'an nan su koma gayaunarsu. Ta faɗi yadda a ke jin kururuwar mahara, mutanen ƙauye su kwashi yara su gudu cikin ganuwar Zarewa, da yadda aka kama waɗansu danginta aka je aka fanso su da wuri. Ta faɗi zuwan Turawa, da yadda bayin gidansu suka watse bayan haka. Ta bayyana auren zumunta, da ƙawance, da biki, da riƙon 'ya'ya, ita da ta yi aure huɗu Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta reni na waɗansu har suka zama nata.

To, jama'a, a dubi wannan. Ƙauyen da ba ya cikin littafin sarakuna ko ɗaya, ga shi yau masana a ƙasashen duniya sun san sunan wanda ya kafa shi, sun san yadda mutanensa suka ci, suka yi aure, suka yi makoki. Ba don kome ba sai don mace ɗaya ta yi haƙuri ta tambaya, mace ɗaya kuma ta yi haƙuri ta amsa, cikin 'yan makonni. Muna jin babu garin da ba shi da tasa Baba. Abin kunyar shi ne a ce sai baƙuwa ta ƙetaro teku kafin a zauna a saurari kakarmu, mu kuwa da muka sha nonon harshen muna wuce ta ko wace safiya da gaisuwa kawai.

Amfaninsa

Wani zai ce, wannan ai hira ce ta masu ƙoshi, me sunan kakan kaka zai ƙara wa mutum a tukunya? Duk akawun da ya taɓa zama kotu ya san amsa. Rabon gado ba ya yiwuwa sai an san wa ya haifi wa, wa ya riga wa rasuwa. Sau nawa a ke ɗage shari'a wata da watanni don an rasa wanda zai tabbatad da cewa wane ɗan'uwan mamaci ne ta wajen uba? Rigimar iyakar gona fa? Gonar da aka ba da aro tun zamanin kakanni, jikokin mai aro su ce gado ce, jikokin mai gona su ce aro ne, dattawan da suka shaida kuwa duk sun kau. Haka kuma aure: akwai wanda jini ya haramta, akwai wanda shayarwa ta haramta, kuma tsofaffin mata ne kaɗai su ke riƙe da lissafin wadda ta shayad da wane.

Bayan wannan ga zumunta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke, amma ƙafa ba ta zuwa inda ba ta sani ba. Da, aska ta kan nuna asalin mutum a fuskarsa, kirarin gida kuma maroƙa su kan tuna wa kowa da shi ran biki. Wasannin da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da Katsinawa da Nufawa, duk igiyoyi ne da magabata suka ɗaura don kada a manta da juna. Yanzu tsaga ta ja baya, yara sun bazu birane neman abinci, gandu ya rarrabu. Abin da fuska da baki suka daina riƙewa, in takarda ba ta karɓe shi ba, ya tafi ke nan.

Akwai kuma dalili mai ban tausayi wanda ya sa abin ya zama na gaggawa. A shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka masu yawa a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, har ƙasar Giwa ɗin nan da Baba ta zauna ba ta tsira ba. In gari ya watse, wannan gida ya yi gabas, wancan ya yi kudu, tsofaffi su ne farkon waɗanda wahalar gudun hijira ta ke kayarwa. Ran da Allah ya kawo lafiya aka koma, wa zai nuna wa yara inda gonar ubansu ta tsaya, da inda kabarin kakansu ya ke?

Abin Da Masu Tsoro Su Ke Faɗi

Ba za mu ɓoye ba, akwai mutanen kirki, masu hankali, waɗanda ba su son a taɓa wannan magana, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa tonon asali tonon asiri ne. A garuruwa da yawa akwai gidajen da kakanninsu a ɗaure aka kawo su. Dokar Turawa ta ce duk ɗan da aka haifa daga ran 1 ga Afrilu, 1901, ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta ɗungum a Arewa. Tun daga nan an yi auratayya, an zama ɗaya, jikan bawa ya zama liman, ya zama attajiri, ya zama shugaban makaranta. Suka ce, ashe in ka rubuta wannan a littafi ba ka miƙa wa mahassada sanda ba, ba ka kuwa ɓata auren 'yar wani ba?

Na biyu, suna cewa tarihin wanda ya fara zuwa ya zama makami. Wa ye ɗan ƙasa, wa ye baƙo? A kan wannan tambaya an zub da jini a Zangon Katab a 1992, an zubar a Jos a 2001. Har gobe yaro ya kan nemi shiga makaranta ko aikin gwamnati a ce sai ya kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, wani kuwa a hana shi, ko da a garin aka binne cibiyar ubansa. Suka ce, ku bar kaza cikin gashinta.

Mun ji, mun kuwa auna. Amma ga abin da mu ke gani. Gorin asali ba a littafi ya ke tsira ba, a raɗa ya ke tsira, a bayan ɗaki, inda ba mai musu. Wanda ya san rabin labari shi ne mai gori. Wanda ya bi labarin garinsu har gindinsa zai tarad da abin da zai sanyaya masa jiki, watau kowa zuwa ya yi. Wannan fari ya koro kakansa, wannan yaƙi, wannan fatauci, wannan neman karatu, wannan kuwa ƙaddara ce ta faɗa wa nasa a hanyar rafi. Gidan su Baba daga Barno suka zo. Wangarawa, waɗanda Tarihin Kano ya ce sun zo da addini zamanin Sarki Yaji, daga Mali suka fito. Agalawa, dangin Alhassan Ɗantata wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a 1955 yana attajirin da babu kamarsa a zamaninsa, asalinsu daga wajen Azbin ne. Wa zai ce wa waɗannan baƙi a ƙasar Kano yau? Ashe baƙunta ba ta hana zama ɗan gari ba, sai dai in an so a hana.

Saboda haka tarihi na gaskiya maganin gori ne, ba abincinsa ba. Bautar da aka yi wa kakan mutum zalunci ne da aka yi masa, ba laifi ne da ya aikata ba, kuma guminsa yana cikin ganuwar garin da rijiyoyinsa kamar na kowa, ko ma fiye. Mai neman hujjar addini ya duba aya ta 13 ta Suratul Hujurati, ya ga dalilin da ya sa aka yi mu dangi dangi, da abin da ke fifita wani bisa wani. Mai neman hujjar doka ya duba sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya hana a tauye ɗan ƙasa sabo da inda ya fito ko yadda aka haife shi. Duk da haka ba mu ce a yi gaɓanci ba. Abin da gida ya ce asirinsa ne, kada a rubuta shi da suna sai da yardarsa. Ana iya faɗin cewa an yi rinji a wuri kaza ba tare da an nuna ƙofar kowa da yatsa ba.

Akwai wata cuta kuma da mu ke tsoro fiye da wannan, ita ce ƙarya. Da zarar an ce za a rubuta, sai ka ga ko wane gida ya zama na sharifai, ko wane kaka ɗan sarki ne da ya yi fushi don an hana shi gadon sarauta. In kowa ɗan sarki ne, wa ya yi noman? Wanda kakansa maharbi ne, ko majemi, ko mai rini, ya faɗa da ƙarfin murya, don ba a kafa gari da rawani kaɗai.

Yadda Za A Yi

Aikin nan ba ya bukatar kuɗi mai yawa, littafin rubutu ne da fensir da ladabi. Ga shawararmu ga malamai. A tafi wurin dattijo da goro, a lokacin da ya ke so, a zauna ƙasa. Kada a tsaya kan maza kaɗai, don maza sun fi riƙe sarauta da gona, mata kuwa su ne suka san aure da haihuwa da wanda ya sha nonon wa. A bi gida gida, har na maƙera da wanzamai da mahauta da masaƙa, da rugar da ke bayan gari, da unguwar waɗanda suka zo daga baya, ko wace ƙabila ce, ko wane addini su ke bi. Tsofaffi ba su lissafi da shekarar Turawa, sabo da haka a tambaye su da abin da suka sani: zamanin wane hakimi, kafin zuwan jirgi ko bayansa, shekarar wace yunwa, shekarar fara, kafin samun mulkin kai a 1960 ko bayansa. A rubuta sunan mai ba da labari, da ranar da ya bayar, da wanda shi ya ji daga bakinsa. In biyu suka saɓa, a rubuta duka biyu, kada malam ya mai da kansa alƙali. Wanda ke da wayar da ke ɗaukar murya ya ɗauka, amma ya juya a takarda, don waya ta kan ɓace, ta kan lalace. Sa'an nan a koma a karanta wa mai labarin abin da aka rubuta, ya gyara.

Yara ma su sa hannu. An yi shekaru ba a koyad da tarihi da sunansa a ƙananan makarantun ƙasar nan, har Gwamnatin Tarayya ta yi bikin mai da shi a 2022. To, ga inda ya kamata a fara. A sa ko wane yaro ya tambayo sunayen kakanninsa na uba da na uwa da sana'arsu, gwargwadon abin da gida ya yarda. Maraya da ɗan riƙo kada a matsa musu, a ba su tarihin kasuwa ko na masallaci ko na rijiya. Makarantun horon malamai kuwa ya kamata su sa wa ko wane ɗalibi ya rubuto labarin gari guda kafin a ba shi takardar shaida.

Ku kuma akawuna, naku ya fi na kowa sauƙi, ya kuwa fi nauyi. Magabatanku na zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sun bar littattafan haraji da na jangali da na shari'a, cike da sunayen masu gida, unguwa unguwa. Waɗansu suna nan jibge a ɗakunan ajiya, gara da ɗigon ruwa suna rabonsu. Ku kakkaɓe su, ku ɗora bisa katako, ku sanad da na gaba da ku. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan gundumomi, Gidan Arewa kuma, wanda aka buɗe a 1970, aikinsa ke nan. Sai dai a karanta na Turawa da lura, don da bakin tafinta suka ji, galibi kuma daga fada. In an gama, a yi kwafi uku: ɗaya a makaranta, ɗaya wurin dagaci ko hakimi, ɗaya a aika inda za a adana.

Waiwaye adon tafiya ne, in ji masu iya magana. Ba mu ce a koma zaman da ba, don a cikinsa akwai hari da bauta da yunwa waɗanda ba mai fatan su dawo. Cewa muka yi a san waɗanda suka sha wannan wahala suka bar mana inuwa. Dattijon nan mai tufkar igiya yana nan a ƙofar makarantarku, ko da wani suna a ke kiransa a garinku. Kada a jira rani, kada a jira umurni daga ofis. A je masa cikin makon nan.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya zaunad da garuruwanmu lafiya, ya mai da waɗanda suka watse gidajensu, amin.